Dawar Baba Nomau a Jami'ar Badun

Zuru, ranar tashi

Zakara bai yi cara na biyu ba na riga na ɗaure kayana. Cikin bazara ne, 'yan shekaru kafin Turawa su miƙa mulki, ni kuwa Ladi matar marigayi Kofur Audu ina tuyar ƙosai a kasuwar Zuru. Masu 'ya'ya a makaranta sun ishe ni da tambayar abin da na gano a jami'ar Badun, to ga shi nan tun daga tushe, kowa ya ji in huta.

Ɗantani ɗan ƙanena ne, ni na goya shi bayan rasuwar uwarsa. Ya gama kwaleji a Zariya, yana koyarwa a elementaren Zuru, sai ga labari an ba shi gurbi a jami'a ya karanta aikin gona, za a fara bayan damina. Mun yi ta guɗa, kafin mako ya zagayo murna ta koma ciki. A wajenmu Dakarkari saurayi ba ya ɗaukar mata sai ya yi golmo, wato shi da abokansa su yi wa uban yarinya noma damina bakwai. Ɗantani ya yi biyar a gonar Baba Nomau saboda 'yarsa Asabe, duk hutun makaranta garma na kafaɗarsa. Baba Nomau ya ce in yaron ya tafi Kudu ya tafi ke nan, biyar ɗin sun bi ruwa. Ɗantani kuma ya ce shi ba ya iya barin Asabe, jami'a ta yi haƙuri. Na ce masa ba dai a gidana ba.

Na sami tsohon a gindin rumbunsa na tambaye shi abin da yake tsoro.

Ya ce, "Ban san gidan ba, Ladi. Ko akuya ba na kai wa kiwo gidan da ban leƙa rumbunsa ba, balle mutumin da zai riƙe mini 'ya."

Na ce, "To ni in je in leƙo maka."

Ya dube ni ya ce, "Kin zauna bariki, kin san jirgi. Kuma bakinki bai iya ƙarya ba, shi ya sa ba ki da ƙawaye. Je ki."

Da asubar nan sai ga shi a tasha da ƙunshi cikin tsohon buhu. Zangarniyoyin dawa ne, manya manya, daga cikin waɗanda yake ratayewa don iri. Na yi mamaki, don a garinmu ba a wasa da kyautar iri. In ka ba mutum iri ka ɗaura wa kanka nauyi: dole kai ko wani ɗan gidanka ya je ya ga ya fid da kai, ya kuma tsaya ranar girbi. Wanda ya ƙi, har a wajen rawa sai an sa shi a waƙa.

Ya ce, "Ki kai wa maigidan gaisuwa, ya san daga inda yaron ya fito. Su yi kunu."

Ina ƙoƙarin hawa mota Asabe ta ja mini zani, ta yi ƙasa da murya. "Gwaggo, ki duba mini matan wurin."

Na ce, "In duba me?"

Ta ce, "Ke dai ki duba."

Zuru zuwa Kontagora

Motar ɗaukar kaya ce, an ɗora mu a kan buhunan gyaɗa. Direban Bakabe ne mai surutu, da ya ga yadda na rungume ƙunshina ya ce, "Inna, mi ag ga wanga buhu? Zinari?" Na ce masa ya dubi hanyarsa, ramukanta sun ishe shi aiki. Rana ta ɗaga muka iso Rijau, 'yan doka suka tsai da mu suna zungurar kaya da sanda. Ɗaya ya buɗe nawa ya yi dariya, ya ce, "Dawa za ki kai wa masu cin doya?" Na ce, "Kai ma da an ba ka ita tun kana yaro da ka cika wandon nan." Abokansa suka yi masa ca, ya ɗaga mana hannu muka wuce.

Taya ta fashe bayan Rijau, muka zauna gindin ɗorawa muna shan garin ɗorawa har aka liƙe. Sai la'asar muka shiga Kontagora, ƙurar hanya ta mai da mu jajaye. Na sauka wurin wata matar soja da muka yi zaman bariki tare, ta yi mini tuwon dawa da miyar kuka. Na ci na ƙara, don na san inda za ni babu irinsa.

Kontagora zuwa Badun

Washegari wata motar ta bi da mu ta Tegina ta sauke mu tashar jirgin ƙasa a Zungeru. An ce jirgi na nan tafe, muka yi ta jira har na saba da mai sayar da shayi na san sunayen 'ya'yansa. Da ya iso aka yi ta turereniya, na sa gwiwar hannu yadda matan bariki suka koya mini na sami gefen taga. Bencin katako ne, kafin gari ya waye na san yawan ƙasusuwan da ke bayana.

Da safe muka hau gadar Jebba. Na taɓa ƙetare kogin Kwara tare da Kofur, amma har ranar sai da na riƙe ƙarfen taga. Daga Ilori ƙasa ta fara sakewa, kuka da ɗorawa suka ɓace, itatuwan kwakwar manja suka cika ido. A Offa mata suka kewaye tarago da dundu, soyayyar doya ke nan, da agwaluma cikin faranti. Na sha agwaluma har haƙorana suka mutu. Wata Bayarabiya kusa da ni ta ba ni alala cikin ganye, ni kuma na ba ta ƙuli-ƙuli, muka yi ta hira da hannu har Oshogbo.

Badun kuwa ba ta da iyaka. Rufin kwano ne mai tsatsa ya hau tudu ya gangara ya sake hawa, har inda ido ya tsaya. Saje Bawa yana jirana a tasha, don Ɗantani ya riga ya aika masa. Ɗan Ribah ne, tare suka yi yaƙin Bama da mijina, da ya bar soja ya sami aikin tsaron ƙofa a ɗakin kwanan ɗalibai. Da na ji ya gaishe ni da yarenmu a tsakiyar wannan hayaniya, ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ya bi da ni ta Sabo, unguwar Hausawa masu goro da shanu, sannan muka hau bas zuwa gidansa a bayan jami'a.

Cikin jami'a

Wanda ke zaton makaranta ce irin tamu mai aji da allo da bulala, ya sake tunani. Gari ne sukutum a wajen gari, da ƙofarsa da titunansa da asibitinsa da gidan waya. Da ka shiga za ka hangi doguwar hasumiya mai agogo, ita ke gaya wa kowa lokaci. Gine-ginen farare ne, benaye, bangonsu huje-huje don iska ta ratsa, ciyawa kuwa a aske lumui ba akuya ko ɗaya. Na ce wa Saje wannan ciyawa asara ce.

Saje ya haɗa ni da wani ɗalibi, Malam Usman, Bakatsine mai sanyin hali, shi ma aikin gona yake karantawa. 'Yan Arewa a wurin ba su da yawa, duk sun san juna, da suka ji wata ta zo daga Zuru sai suka yi ta zuwa gaishe ni. Malam Usman ya zaga da ni. Ya nuna mini inda ake koyon tarihi da harsuna, da inda ake kimiyya cikin ɗakuna masu warin magani da kwalabe iri-iri. Ya ce masu karatun likita a nan suke farawa, sannan su koma babban asibiti cikin gari. Akwai majami'a, akwai wurin salla, ba mai hana wani. Har wani lungu suka keɓe da birai da kada a cikin keji, wai don karatu. Na ce in birai ne su zo Zuru lokacin masara, kyauta za mu ba su.

Ɗakin littattafai ya fi duk sauran benayen tsawo. Mun shiga na gai da mutane da ƙarfi yadda aka koya mini a gida, sai duk kawuna suka ɗago. Malam Usman ya raɗa mini cewa a nan ba a magana. Mutane sun fi na kasuwar ƙauye yawa, ba mai cewa uffan, sai ƙarar takarda. Ban daɗe ba na ce mu fita kafin in shaƙe.

Kowane ɗalibi da ɗakinsa, da gado da tebur da fitilar lantarki. Akwai masu yi musu shara da wanki. Wannan bai yi mini daɗi ba, na kuma faɗa. Malam Usman ya yi dariya ya ce, "Inna, wanda ya faɗi jarrabawa a nan gida ake kora shi. Wankin da ba mu yi, a kan littafi muke biyansa." Ya ce ɗan Arewa in ya sami shiga gwamnati ke ɗaukar nauyinsa, abin da ake so gare shi kansa kawai da haƙuri da abincin Kudu.

Ban manta da saƙon Asabe ba. Na ce a kai ni wajen mata. Nasu ginin daban ne, da mai tsaron ƙofa mai fuskar shanu, namiji ba ya wuce zaure sai da dalili. 'Yan kaɗan ne, masu tsabta, wasu da takalma masu tsini. Na tsaya na ƙare musu kallo. Kowacce ta rungumi littattafai tana sauri, ba wadda ta ko kalli Malam Usman, ga shi kuwa ba laifi.

Da la'asar na zo kan abin da ya kawo ni. Na ce, "To Malam, na ga ɗaki na ga gado. Ina rumbunanku?"

Ya ce, "Rumbu kuma?"

Na ce, "Inda kuke zuba hatsin shekara. Wannan taron maza me suke ci in damina ta yi nisa?"

Shi da Saje suka dubi juna. Suka kai ni bayan babban ɗakin cin abinci, aka buɗe mini wani sito. Buhunan shinkafa da garin rogo da doya da gwangwanaye, abin da ba zai kai su sabon wata ba. Mai kula da wurin ya ce kullum mota ke kawowa. Na zagaya bayan ginin da ƙafata ko an ɓoye wani abu, ba rumbu ko na kaza. Nan take na san abin da zan je in gaya wa Baba Nomau, kuma na san abin da zai ce. Ranar an ba ni teba da miyar ganye mai daɗi a gidan Saje, amma da ƙyar ta wuce.

Gonar jami'a

Da safe na ce ko ba komai in sauke gaisuwar mutane, a kai ni wurin maigidan. Saje ya ce shugaban jami'a ba a faɗa masa haka kawai da buhu a ka. Malam Usman ya ce ai wanda zai zama uban gidan Ɗantani shi ne malaminsu na aikin gona, mu je can.

Gonar tana can gefe, da shanu da kaji da kunyoyi a jere kamar an ja da zare. A nan na ga ɗalibai da gajeren wando suna haƙa, gumi na zuba. Na kama hannun Malam Usman na juya tafinsa, na sami kanta, hankalina ya ɗan kwanta. Na tambaye shi ko yana zuwa gida. Ya ce ai da damina ta kankama ake rufe jami'a gaba ɗaya, kowa ya tafi garinsu, sai ruwa ya kusa ɗaukewa a dawo. Na ce ya sake faɗa, ya sake. Lokacin huɗa da noma ke nan a Zuru, na ƙulle wannan a bakin zanina.

Malamin Bature ne dogo mai jan wuya, ya taɓa aiki a Arewa, yana jin Hausa irin ta masu koyo. Ɗakinsa cike da zangarniyoyin hatsi a rataye, kowacce da 'yar takarda a wuya, daga ƙasashe daban-daban. Na durƙusa na gaishe shi na kwance buhu. Mutumin nan ya ɗauki zangarniya ɗaya da hannu biyu, ya kai ta taga, ya murza ƙwaya ya sa a baki.

Ya ce, "Wannan daga ina, Mama?"

Na ce, "Daga gonar Nomau, a Zuru. Ya ce ku yi kunu."

Ya ce, "Kunu? A'a, a'a. Ba mu da irin wannan. Ina so in shuka. Ba yanzu ba, ruwa ya yi yawa a nan. Sai ruwan baya, ta fid da kai bayan ɗalibai sun dawo. Kin yarda?"

Na tuna fuskar Baba Nomau a tasha, na tuna abin da kyautar iri take jawowa a garinmu. Shi Baturen bai san abin da yake roƙo ba, ni kuwa na sani sarai. Dariya ta taso mini na danne ta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, gaisuwarka ce. Abin da ka ga dama ka yi da ita."

Ya sa Malam Usman ya rubuta sunan Nomau da na Zuru a 'yar takarda, aka ɗaura, aka rataye dawarmu a tsakiyar sauran.

Komawa gida

Hanyar dawowa ba ta da labari, sai dai an yi mana ruwan farko tsakanin Tegina da Kontagora, muka tura mota cikin taɓo. Na iso Zuru ranar kasuwa da yamma, da goron Sabo da agwaluma da ta fara laushi. Ban ko kwance kaya ba na wuce gidan Baba Nomau. Dattawa na zaune gindin rumbu, Ɗantani na tsugune can gefe, Asabe kuma ta sami abin da za ta tankaɗe kusa da danga.

Na ba su labari daki-daki, hasumiya da ɗakin shiru da birai, ana ta dariya. Na faɗi maganar hutun damina, na ga Ɗantani ya ɗago kai. Da na gama, tsohon ya dube ni.

Ya ce, "Rumbu fa?"

Na ce, "Babu. Ko ɗaya. Na zagaya da ƙafata."

Ya kakkaɓe rigarsa zai tashi. Ya ce, "To magana ta ƙare. Hutun damina ba ya share gona, ba ya girbi. Sun sha kunun?"

Na ce, "Ba su sha ba. Malamin ya ce bai taɓa ganin dawa irinta ba, ya rataye ta da sunanka. Shukawa zai yi da ruwan baya."

Ya koma ya zauna. Dattawa suka dubi juna, don kowa ya san abin da wannan ke nufi. Ya ce, "Mutanen da ba su da rumbu kika bar wa irina?"

Na ce, "Ni gaisuwa ka ba ni, na kai."

Ya ce, "Ladi, kin ɗaure ni."

Ban musa ba. Wani dattijo ya ce to sai dai Nomau ya shirya hawan jirgi, ko ya aiki ɗan gidansa, in ba haka ba bana da sunansa za a yi rawa. 'Ya'yansa maza kuwa ba wanda ya taɓa wuce Rijau. Tsohon ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa. Can ya ɗago ya kira Ɗantani, yaron ya matso ya durƙusa.

Ya ce, "Da damina ina son ganinka a kan kunyar gonata kamar kullum. In an koma, ka je ka tsaya a kan dawata. Ka kore mata tsuntsu, ka tsaya ranar girbi, ka zaɓi iri da hannunka kada su ɓata mini suna. Inda irina ya tsiro gonata ce, wanda ya yi mata aiki golmo ya yi." Ya juya wajen dattawa ya ce, "Kun ji, ɗan gidana na aika."

Ɗantani ya kifa goshi a ƙasa. Ni kuwa na juya ina gyara ɗankwali don kada a ga idona, ga daɗi ya cika mini ciki har ba na jin gajiyar hanya. A bakin danga Asabe ta tare ni, gari har gira, rariya a hannu.

Ta ce, "Gwaggo, matan fa?"

Na ce, "Suna nan, kyawawa. Amma ba wadda aka yi wa noman damina biyar."

Ta rufe fuska da rariyar ta ruga cikin gida.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Saje Bawa da iyalinsa, da Malam Usman da ya jure tambayoyina, da Bayarabiyar jirgi da ban san sunanta ba. Bayan damina muka raka Ɗantani tasha. Baba Nomau ya zo da kansa, ya ɗora masa lauje a kan akwatin littattafai, ya ce ba ya yarda da na Badun.